Kakuri: Garin Masaƙu Cikin Birnin Kaduna

Wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu zai tarar da Kakuri da maƙwabciyarta Makera. A yau unguwanni ne cikin birnin, amma asalinsu ƙauyukan Gwari ne, waɗanda suke zaune tun kafin Turawan Ingila su taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a shekara ta 1917. Abubuwa uku suka jawo masana'antu wurin: ruwan kogi, da hanyar jirgin ƙasa wadda ta yi mahaɗa a kudancin garin, da kuma audugar ƙasar Zazzau da Katsina.

Masaƙa ta farko, Kaduna Textiles, ta soma aiki a 1957. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta, tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. Ba a daɗe ba wasu suka biyo baya: Arewa Textiles da jarin mutanen Japan, sai United Nigerian Textiles a 1964 da jarin Sinawan Hong Kong. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Cikin shekaru ashirin ƙauye ya zama gari mai kasuwarsa, da gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, da masu tuwo da ke jiran tashin ma'aikata dare da rana, domin injin masaƙa ba ya kwana.

Abin da ya fi shafar masu binciken harshe shi ne irin mutanen da suka taru. Da yawa cikinsu ba Hausawa ba ne. Akwai Tibi da Idoma da Igala daga yankin Binuwai, da mutanen kudancin Zazzau, da na Filato, kowa da harshensa. Turanci harshen manaja ne da takardar ɗaukar aiki. Amma a bakin inji, da gidan haya, da wajen ciniki, Hausa ce ta fi haɗa su, tare da Turancin buroka. Hausar da ta tashi a irin wannan zama tana da nata alamu. Sau da yawa ba a rarrabe namiji da mace a nahawu, ana cewa "ya zo" ko da mace ake nufi. Ƙ da ɗ da ɓ kuma sukan koma k da d da b. Bakano kan ji wannan ya ce gurɓata ce. Hukuncin bai yi adalci ba, gama da wannan Hausa aka yi taron ma'aikata, aka yi neman aure, aka yi renon 'ya'yan da ba su da wani harshe da suka fi ta iyawa.

Kalmomin aiki kuwa daga Turanci suka shigo: lebura, heluma, manaja, fansho, garatuti. A nan ne bambanci da Nijar ya fito fili, inda Faransanci ya ba da izin da sandika. Littafin yaƙi da jahilci da aka shirya wa ma'aikacin Kakuri ba zai karantu yadda yake ba a Maraɗi ko Filinge, sai an sake duba kalmominsa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna ta ajiye hedkwatarta. Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi wuya. Sa'an nan atamfar Asiya mai araha ta cika kasuwa; wani kaso nata kan sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, ya ratso Nijar, ya shiga Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. Irinta ce dai mai ciniki yake tararwa a kasuwar Lahadi ta Baleyara. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna bin haƙƙin sallama, wasunsu har suka rasu ba su karɓa ba. United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007.

Rikicin addini na 2000 da na 2002 ya ƙara wa garin rauni. Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kirista suka gangaro kudu, maƙwabtan da masaƙa ta haɗa suka rabu. Tsofaffin masaƙan, wasu sun koma acaɓa, wasu gadi, wasu sun koma gona a garuruwansu da Hausar da suka koya a bakin inji. Waɗanda suka yi aiki tun shekarun 1960 sun tsufa ƙwarai, kuma su ne suka san sunayen da aka laƙaba wa kowane sashe na masaƙa da kowane irin zare. Mai son ɗaukar maganarsu sai ya neme su a Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da ƙauyukan Binuwai.