Abin da ya kamata ku sani game da yadda ake gina layin dogo a kwamfuta kafin a gina shi a ƙasa

Duk wanda ya san tarihin Gusau ya san cewa jirgin ƙasa ne ya ɗaga ta. Layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya riƙa kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, ya jawo kamfanoni da baƙi. A wancan zamani ma'aikatan safiyo da ƙafa suka ratsa daji, suna awo da sarƙa, suna rubuta lissafi a littafi.

Yau aikin ya sauya. Tun daga 2021 ake aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita kusan 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke riƙe da kwangilar, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano a hannun kamfanin CCECC na Sin. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sababbin kuwa 1,435. A duniyar yau, aiki mai girman wannan sau biyu ake yin sa: a fara gama shi a kwamfuta, sannan a shigo da katafila.

Mene ne samfurin kwamfuta?

Injiniyoyi na kiran tsarin da BIM. Maimakon tarin zane a takardu, ana ƙera hoton aikin gaba ɗaya a kwamfuta, mai tsawo da faɗi da zurfi, yadda za a iya juya shi a leƙa ta ko'ina. Kowane ɓangare na ɗauke da bayanansa. Idan aka taɓa ƙafar wata gada, za a ga yawan kankare da rodin da take ci, da ranar da za a zuba ta, da kuɗinta. Mai zane da ɗan kwangila da mai sa ido daga gwamnati duk abu ɗaya suke kallo, kuma idan ɗaya ya yi gyara, sauran za su gani nan take.

Daga ina bayanan ke fitowa?

Daga sama da kuma ƙarƙashin ƙasa. Tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙa na ɗaukar hoton hanyar. Wata na'ura kuma tana harba haske zuwa ƙasa ta auna lokacin dawowarsa, da haka ake sanin tsayin kowane tudu da zurfin kowane kwari. Sai a haƙa ramuka jefi-jefi a ɗebi ƙasa a gwada, don a san inda ake da dutse, da inda ake da laka mai kumbura da damina ta tsage da rani. A ƙarshe a haɗa da lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa.

Me ya sa ake wannan wahala?

Saboda jirgin ƙasa ba ya son hawa, ba ya son kwana mai tsanani. Jirgin kaya mai nauyi ba ya jure tudun da ya wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi a cikin kowace mita 100. Don haka dole a yanke tudu a cike kwari, kuma wannan kwasar ƙasa na daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi. Kwamfuta na iya gwada hanyoyi da dama cikin ɗan lokaci, ta nuna wadda ƙasar da aka yanke daga tudu za ta isa cike kwarin da ke kusa, ba tare da tifa ta yi ta safara daga nesa ba. A yanki mai duwatsu irin na Kwatarkwashi, matsar da layi kaɗan na iya rage fasa dutse mai yawa.

Sai batun ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar layin dogo. Ana ɗaga layin a kan tudun ƙasa mai tsawon kilomitoci, kuma idan ba a bar wa ruwa isasshiyar mafita ba, tudun zai tare shi kamar madatsa. Ruwan zai koma gonaki da gidaje, ko ya ɓalle ya tafi da layin. A cikin samfuri ana iya sauko da mamakon ruwa a ga inda zai bi, sannan a yanke girman kowace kwalbati da tsayin kowace gada. Wanda ya ga yadda Gulbin Sakkwato ke cika a Gusau da Bungudu cikin Agusta ya san wannan lissafi ba na wasa ba ne.

Akwai kuma gano karo. Manhaja na bincika samfurin ta nuna inda magudanar ruwa ta ci karo da ramin wayar sigina, ko inda gadar mota ta yi ƙasa da yawa har jirgi ba zai wuce ba. Gyaran irin wannan a kwamfuta aikin yini ne. Idan kuwa sai an zuba kankare aka gano, to sai rushewa da asarar watanni. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Shin kwamfuta na magance komai?

A'a. A Landan, layin Elizabeth mai ramukan ƙarƙashin ƙasa na kilomita 42 ya yi suna wajen amfani da wannan fasaha. Duk da haka, an shirya buɗe shi a Disamban 2018 amma sai a Mayun 2022 ya fara aiki, kuɗinsa kuma ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan 19. Haɗa tsarin sigina da kammala tashoshi ne suka ja lokaci. Samfuri na nuna matsala, amma ba ya tilasta wa shugabannin aiki su faɗi gaskiya a kanta, ba ya kuma samar da kuɗin da aka riƙe. Sannan idan bayanan da aka shigar ba daidai ba ne, amsar da zai bayar ma ba daidai ba ce.

Ina ruwan talaka?

Ruwansa babba ne. Hoton sama zai nuna fili, amma ba zai faɗa cewa filin tsohuwar maƙabarta ce ba. Ba zai san burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ba, ko hanyar da mata ke ratsawa zuwa kasuwa, ko gonar da magada goma ke nomawa ba tare da takarda ba. Waɗannan bayanai a bakin masu unguwanni da dagatai da arɗo-arɗo da manoma suke. Idan ba su shiga samfurin da wuri ba, za a wayi gari layi ya raba ƙauye da gonakinsa babu mashigi. Haka ma diyya: rajistar da ta haɗa sunan mai gona da hotonsa da iyakar gonarsa a taswira tana wahalar da mai son cusa sunan bogi.

Bayan an gama gini ma samfurin na da amfani, domin shi ne kundin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya za ta duba ta san abin da ke ƙarƙashin kowace gada da lokacin gyaransa. Shi ya sa ya kamata kowace kwangila ta tanadi cewa za a miƙa wa ƙasa bayanan duka, tare da horar da injiniyoyinmu a kansu.

Saboda haka, duk ranar da masu safiyo suka iso garinku, ku fito ku nuna musu inda ruwa ke kwanciya da inda dabbobi ke bi, ku tabbatar an rubuta sunanku da iyakar gonarku. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda kuma su dage da koyon safiyo da zane a kwamfuta tun yanzu, domin idan irin wannan aiki ya iso Zamfara a same su a shirye.