In za ka gaban alƙali ba lauya, me za ka riƙe a hannu?

Ɗan uwa manomi, kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, yau da kai nake magana. Kowace shekara in kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai rigingimu su taso. Mai bin bashi ya zo karɓar abinsa, bisashe sun yi ɓanna, mai gona yana son gonarsa. Yawancin waɗannan ƙananan shari'u ne, na jika goma ko jika hamsin, kuma ba wanda zai ɗauko lauya daga Doso ko Yamai saboda su. Kai da kanka za ka tsaya ka yi bayani, doka ma ta yarda da haka. To me za ka nuna ma alƙali?

Bari in ba ka labarin abin da na gani a wani ƙauye na yankinmu na Ɗan Kassari, inda aka kira ni awon gona. Lokacin yunwar 2005 wani dattijo ya ba maƙwabcinsa gona, ya karɓi jika 40. Da baki aka yi, gaban mutum biyu. Dattijon ya rasu, shaida guda ya rasu, ɗayan ya tafi Najeriya cin rani bai komo ba. Da ɗan marigayin ya girma ya kawo jika 40 don ya fanshi gonar ubansa, sai mai riƙe da ita ya ce shi saye ya yi, ba jingina ba. Maigari ya kasa sasanta su, sarki ya kasa, magana ta kai Dogon Dutsi. Damina biyu ana kai da komo, kuɗin mota da na abincin shaidu sun wuce jika 40 ɗin. Ni ban ce wani ya yi ƙarya ba, wataƙila kowa abin da ya ji ne yake faɗi. Amma da an rubuta kalma guda ranar nan, jingina ko sayarwa, da ba a je ko'ina ba.

Kakanninmu na Arewa suna da nasu hanyoyi: dattawa, rantsuwa, wasu ma har dutsen Tunguma suke zuwa, can wajen Lugu. Har gobe alƙali yana jin shaidu, kuma a shari'ar gado ko ta gona yana zama da mutanen da suka san al'adar ƙasa, suna ba shi shawara. Sai dai shaida yana tsufa, yana mantuwa, wani lokaci yana jin kunyar surukinsa. Malamanmu kuma sun sha faɗa mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Takardar da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta ranar da aka yi cinikin, ba ranar da aka ɓata ba. Ka sa ranar wata da shekara, da sunan garin. Ka rubuta sunan kowa da na ubansa, don Abdu ya yi yawa a gari guda. Ka faɗi irin maganar a fili: aro ne, haya ce, jingina ce, kyauta ce ko sayarwa. In bashi ne, a rubuta ranar biya. In gona ce, a faɗi wanda ke gabas da ita, da na yamma, da na kudu, da na arewa. Daga nan ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu ko uku su sa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, a rubuta sunansa ƙarƙashi. A yi ta biyu, kowa ya riƙe tasa. In da Hausa ka iya, rubuta da Hausa, a gidan shari'a akwai mai fassara.

Ga inda na ga mutane da yawa sun faɗi: wurin ƙidayar kuɗi. Mu da dala muke lissafi, alƙali da faran yake karantawa. Dala guda faran 5 ce, jika guda faran 1.000. In ka ba mutum dala 2.000, watau jika goma, ka rubuta 2.000 kawai, to a takarda faran dubu biyu ka ba shi, kashi guda cikin biyar na kuɗinka ke nan. Rubuta 10.000 F, ka ƙara da haruffa: jika goma. Mu da ke kusa da iyaka, a faɗi ko sefa ce ko naira. Haka ga hatsi. Kada ka ce buhu guda kurum, ka ce tiya nawa, don buhu wani ya fi wani, dame kuwa ba a magana.

Maganar gona tana da tata hanya ta musamman. Tun dokar ƙasar noma ta ran 2 ga Maris 1993, wadda ake kira Code Rural, aka tanadi kwamitocin ƙasa da muke ce ma Kofo. Akwai na gunduma, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na ƙauye wanda maigari ke shugabanta, da magatakarda da ya iya karatu da rubutu. Su ne ke ba da takardar sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da takardar shaidar cewa gonar taka ce ta gado. Takardar da kuka rubuta a zaure ta fi babu nesa ba kusa ba, amma ta Kofo ta fi ta ƙarfi, don an sanar da jama'a kafin a ba da ita, kuma akwai kwafinta a ajiye. Ni a ganina wanda ya ba da aron gona ya fi kowa bukatarta. Aro in ya kai shekara ashirin, ɗiyan mai aro gado suke ɗaukarsa.

In an riga an ɓata fa? Kada ka kama mota ka nufi Dogon Dutsi kai tsaye. A rigimar gona doka ta ce sai an fara neman sulhu wurin sarakuna: maigari tukuna, sannan sarki. Aikinsu sasantawa ne, yanke hukunci na alƙali ne. Dokar sarauta ta 2015 ta ɗora masu rubuta abin da aka yi, ko an shirya ko ba a shirya ba. Sunan takardar procès-verbal, mutane suna ce mata PV. Ka roƙi kwafinka kafin ka tashi. In ba a shirya ba, ita ce za ka kai ma alƙali. In an shirya kun sa hannu, kana iya kai ta gidan shari'a a ba ta ƙarfin hukunci, don kada abokin rigimarka ya sake magana gobe. Saboda haka kada ka sa hannu bisa abin da ba a karanta maka ba, balle farar takarda.

Wurin ɓannar bisashe, nan aikinmu ne mu malaman gona. Ka kira a zo a duba tun sawun dabba bai ɓace ba, gaban makiyayin ko wakilinsa, a auna wurin da aka ci, a rubuta. Bayan mako guda iska ta share sawu, ni kaina ba abin da zan iya rubutawa sai abin da idona ya gani. Makiyayi ma takardar nan tana kare shi, don ba za a ɗora masa abin da ya wuce ɓannar ba.

Ranar shari'a ka tafi da takardar kira, da katin ɗan ƙasa, da shaidunka. Ka jera takardunka tun daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Ka yi masu fotokofi, ka ba da kwafi, ka nuna ta asali in an tambaya. In ta Nita ko Amana ka aika kuɗin, resin aikawa shaida ne, saƙon da ke cikin salula ma kada ka share shi. Ka yi magana kaɗan: ran kaza na ba shi kaza, ga takarda. Kada ka katse abokin shari'arka, kuma kada ka kawo tsohon faɗan da ba shi ya kawo ku ba. Abu guda nake roƙonka: ko ka ga kuskure a takardar, kada ka kankare, kada ka ƙara ko sifiri guda. Ka faɗa ma alƙali da baki. Gyaran takarda a ɓoye laifi ne da ke kai mutum kaso, kuma yana ɓata sauran gaskiyarka duka.

In an yanke hukunci, ka nemi kwafinsa wurin magatakardan kotu. In ba ka yarda ba, ka tambaye shi ranar nan kwana nawa gare ka na ɗaukaka ƙara, don kwanakin ƙidayayyu ne.

Sai ajiya. Gara ba ta san takardar gona ba, ɗigon ruwan ɗaki ma haka. Ka naɗe takardunka cikin leda, ka sa a gwangwani mai marfi, ka rataye nesa da ƙasa. Resi na inji rubutunsa yana dushewa cikin ƴan watanni, shi za ka fara yi ma fotokofi. Kuma ka nuna ma uwargida da babban ɗanka inda gwangwanin yake.