Ziyarar Ƙasar Kabi Da Gwandu, Daga Gimbana Zuwa Birnin Kebbi

Mutanen tsakiyar Turai, irin su Ostiriya da Hangare, suna da wata ɗabi'a wadda ya kamata mai hankali ya yaba, ko da ya saɓa musu a addini da al'ada, ita ce kiyaye kufan magabata da kai 'ya'yansu su gan shi da idonsu. A birnin Budafes, bisa wani tudu mai duban kogin Danub, har yau akwai hubbaren wani shehi Baturke, Gul Baba, wanda ya rasu a 1541, shekarar da Sarkin Istambul Sulaimanu ya ci birnin. Kuma ko da yake Turkawa sun bar ƙasar fiye da shekara 300 da suka shige, mafi yawan mutanenta kuwa Nasara ne, ba su yarda ginin ya zube ba, sai ma suka gyara shi suka buɗe ƙofarsa ga masu ziyara. To, a daidai zamanin da Sulaimanu yake fama a bakin Danub, Kanta yana bisa gadon sarauta a Surame, ya riga ya ƙwace kansa daga hannun Askiya na Songai tun wajen 1516, ya kafa daular Kabi wadda har Barno ta ɗanɗana kaifin takobinta. Su sun kiyaye nasu har da na abokan gābarsu. Mu fa, me muka yi da namu?

Mutumin Dangamaji, ko na Kimba, ko na Alelu, idan ya tashi da sanyin safiya ya hau mota, kafin la'asar sakaliya yana iya taka wuraren da aka ƙulla waɗansu daga cikin manyan al'amuran da suka auku a ƙasar Hausa cikin ƙarni biyar, ba fasfo, ba canjin kuɗi, ba neman tafinta. Amma da yawa daga cikinmu mun fi sanin waɗannan garuruwa da ranar kasuwarsu da farashin buhun gero a cikinsu, alhali kuwa Ubangiji Maɗaukaki ya kwaɗaitar da bayinsa tafiya a bayan ƙasa domin su yi i'itibari da abin da ya sami waɗanda suka gabace su.

Ita kanta ƙasar ta isa a tsaya a dube ta. Gulbin Zamfara yana gangarowa daga gabas, ya ratsa ta gefen Jega, ya miƙa yamma har ya sadu da Gulbin Kabi, su biyun su tafi tare su zuba cikin Kwara. Tsakanin gulaben kuwa akwai tudu mai jan dutse da rairayi, inda gero da dawa da wake suke albarka, ga kuka da gawo tsaitsaye cikin gonaki. Da ka sauka daga tudu sai fadama ta buɗe maka, shimfiɗaɗɗiya, wadda ruwa yake mamayewa da damina ya bar mata laka, ta yi shinkafa, sa'an nan da rani ta yi albasa da barkono da tumatir. Wanda bai fahimci wannan fadama ba ba zai fahimci tarihin Kabi ba, domin ita ce ta ciyar da rundunonin Kanta, ita ce ta zama garkuwar Kabawa a lokacin da dawakin Gwandu suka kasa ratsa ta, kuma saboda ita ne Gwamnatin Tarayya ta zaɓi Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ta ƙaddamar da shirinta na ba manoman shinkafa rance.

Ni a ganina, mai ziyara ya fara da Gimbana, wadda take nan cikin ƙasar Jega, ko da yake ba ta da ginin da zai ɗauki ido. A nan ne Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Bahaushe wanda asalinsa daga Arewa yake, ya yi hijira da jama'arsa sa'ad da sarautar Gobir ta fara tsananta wa masu bin Shehu, ya kafa zama, mutane suka taru gare shi. Da Yunfa ya hau gadon Gobir sai ya nemi malamin ya komo, shi kuwa ya ƙi; saboda haka a ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Gobir ta auka wa garin, ta kashe wanda ta kashe, ta kama sauran ta ɗaure ta nufi Alƙalawa da su. Ƙaddara ta sa hanyar ta bi ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu Musulmi a ɗaure, zuciya ta ɗebe su suka kwance su da ƙarfi, kuma daga wannan rana al'amari ya wuce gyara tsakanin Shehu da Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Wato wutar da ta haskaka daga Gurma har Adamawa, a nan bayan gidanmu aka ƙyasta ta. Kuma duk mai cewa jihadin nan sha'anin ƙabila ɗaya ne, sai ya zo Gimbana ya tambayi ko jinin wa aka fara zubarwa.

Ƙarshen Abdussalami bai yi daɗin ji ba, amma ɓoye shi ba adalci ba ne. Bayan an ci nasara ya zauna a Kware, yana ganin ba a ba shi rabon da ya dace da wahalarsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817 sai saɓani ya tsananta tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi ta musayar wasiƙu, kowa yana kafa hujjarsa da nassi, daga bisani takobi ya raba gardama, malamin ya sami rauni ya rasu a Bakura a 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, inda Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya yi ta fama da su har Bello ya kawo masa gudummawa. A bakin wannan gari ne kuma baffa da ɗan wansa suka daidaita abin da ke tsakaninsu tun ranar da aka yi wa Bello mubaya'a. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan ƙissa shi ne yadda aka rufe ta, domin ba a bi zuriyar malamin da ramuwa ba, sai aka yi wa ɗansa Buhari aman, aka yarje masa ya kafa gari wajen 1820. Garin nan shi ne Jega, wadda har yau mai sarautarta ake kiransa Sarkin Kabin Jega.

Garin da aka kafa bisa afuwa, sai Allah ya sa masa albarkar kasuwa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan zangunan fatake a yammacin daular: masu zuwa Gwanja neman goro ta hanyar Bargu a nan suke ɗaura kaya, ana kawo gishirin Foga daga yamma, tufafin Kano daga gabas, kayan Nufe daga kudu, ga dawaki da shanu, ga kuma bayi, waɗanda ba ya halatta mai rubuta tarihi ya kau da kai daga ambatonsu don kunya. Abin da jakai da takarkarai suka yi a da, manyan motoci suke yi yanzu, domin a Jega ne hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta haɗu da ta Birnin Kebbi. Wanda ya miƙa kudu zai bi ta Maiyama, ƙasar noma da kiwo, ya wuce Koko ya sauka bakin Kwara. Wanda ya juya ta hanyar Tambuwal kuwa, ba zai yi nisa ba ƙanshin albasa zai gaya masa ya iso Aliero, garin da buhunansa suke kaiwa har kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta, garin masu ɗori da ake ɗauko musu karayayyu daga nesa, kuma mazaunin jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006.

Arewa maso gabas da Aliero sai Gwandu, kuma a nan ya kamata mai ziyara ya sassauta tafiya ya gyara niyya. Gari ne a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi. Shehu da jama'arsa sun sauka a nan a 1805, cikin shekarar da aka sha wuya a yaƙin Alwasa, har abokan gāba suka biyo su bakin gari kafin Allah ya mai da su baya. A shekara mai bi Bello ya yi wa garin ganuwa. Da Shehu ya raba al'amarin daula a 1812, yamma ta faɗo hannun ƙanensa Malam Abdullahi, Gwandu ta zama cibiyar da Nufe da Ilori da Yawuri da Liptako suke dubawa. Shi kuwa Abdullahi, mutum ne da mulki bai taɓa zama masa da daɗi a zuciya ba, har ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas saboda abin da ya gani na son duniya ya fara shiga cikinsu, mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki, sa'an nan ya komo. Shi ne mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda malamai suke karantarwa har yau, da Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta. Ya rasu a 1829, hubbarensa yana nan Gwandu, Allah ya jiƙansa da rahama.

A wannan gari ne kuma wani ɗan tsakiyar Turai ya zo ya ga abin da ya sa ya raina wahalar tafiyarsa ta hamada. Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wanda saboda zuhudunsa bai yarda sun haɗa ido ba. Ya yaba ayabar garin da albasarsa, amma babban abin da ya samu shi ne aron wani littafi da wani malami ya ba shi, Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi mutumin Tambutu, wanda ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya daga cikinsa, ko da yake ya zaci Ahmadu Baba ne mawallafinsa. Ta wannan hanya ce masanan Turai suka fara sanin tarihin Songai filla-filla. Ya kamata wannan ya sa mu tsargu: littattafan da ke cikin gafakar kakanninmu sun isa su kawo mutum daga Jamus, yau kuwa nawa ne daga cikinsu gara da ɗigon damina suke ci a zaurukan jikoki?

Birnin Kebbi, babban birnin jiha tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke ta daga Sakkwato, ya yi sarauta sau uku. Sarakunan Kabi sun mai da shi fadarsu wajen farkon ƙarni na 18 bayan sun bar Surame. Abdullahi ya ci shi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Sa'an nan bayan Turawa sun zo, a 1906 aka mai da fadar Gwandu cikinsa, shi ya sa baƙo yake mamakin tarar da Sarkin Gwandu a birnin Kabawa. Mai ziyara ya ga fadar da ake kira da sunan Abdullahi Fodiyo, ya leƙa tsohon gari, sa'an nan ya hau tudun Dukku da yamma ya dubi fadama, zai gane dalilin da ya sa sarakuna suka yi ta jayayya a kan wannan wuri.

Kabawa kuwa ba su miƙa wuya ba. Sun koma Argungu, Yakubu Nabame ya ta da tuta a 1849, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har Sarkin Gwandu Haliru ya kwanta dama a fagen fama a 1860, aka ɗan huta da sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, aka kuma komawa. Ba a binne wannan gāba sosai ba sai 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, wanda shi ne asalin bikin da ake yi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Argungu ta yi abin a yaba, domin ta mai da tsohuwar fadar sarakunanta gidan tarihi mai sunan Kanta, inda makamai da tambura da kaburburan sarakuna suke a kiyaye. Surame kuwa, da ganuwarta ta dutse, rabon jihohi ya bar ta cikin Sakkwato, tana can cikin daji.

Abin da Argungu ta yi bai fi ƙarfin sauran ba. Ina roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi da Majalisar Masarautar Gwandu da shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su kafa alluna a Gimbana da Kalambaina da Alwasa, da boko da ajami, masu bayyana abin da ya auku a wurin da shekararsa. Su sa malaman jami'o'inmu na Aliero da Kalgo su bi gidajen malamai su ɗauki hoton littattafai da yardar masu su, a bar wa kowa abinsa a hannunsa. Su kuma tanadi mota ga makarantu. Ku kuma malaman makaranta, na allo da na boko, kada ku jira sai an ba ku umurni: idan an kawar da amfanin gona bana, hanya ta bushe, ku ɗauki almajiranku ku fara da Gimbana, tunda ita ce mafi kusa.