Jama'ar Dutse, a Buɗe wa Ruwa Hanya Tun Hadari Bai Haɗo Ba

Jama'ar Dutse da kewaye, masu unguwanni, dagatai, limamai da shugabannin matasa, a saurara. Damina na tafe, kuma garin da za ta tarar ya ninka wanda ta sani a 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikata sun taru, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, gonaki sun koma fulotai. Duwatsun da suka ba garin suna kuwa ba sa shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi da ƙarfi, ya nemi tsohuwar hanyarsa, ko da an dasa mata katanga.

Ku leƙa kwalbatin da ke bakin layinku yau. Yashi ya cinye rabinsa, ledar ruwa da robobi sun toshe sauran. Ruwan awa ɗaya ya isa ya tsallake shi ya faɗa zaure. Ku duba gindin katangar ƙasa kuma: in ya yi duhu saboda laima, ko tsaga ta bi ta kusurwa, wannan ɗakin ba wurin kwanan yara ba ne. Irin wannan gini cikin dare yake zubewa, bayan an wuni ana yayyafi, mutane na barci.

Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Karnaya, nan ƙaramar hukumar Dutse, da Ringim da Kafin Hausa: gidaje sun rushe, an rasa rayuka, iyalai sun koma kwana a azuzuwan firamare. A 2024 ruwan ya sake ɓarna. Mutanen bakin kogin Haɗeja suna fama da ruwan madatsun Tiga da Challawa da kuma kacalla mai toshe kogi. Namu na cikin gari mafi yawansa aikin hannunmu ne, saboda haka muna iya tare shi.

Hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA suna kawo shinkafa da tabarmi, amma bayan ɓarna suke isowa. A daren da ruwa ya shigo, maƙwabci ne mai ceto. Don haka kowane mai unguwa ya tara jama'arsa a wannan makon. A sa ranar aikin gayya a yashe magudanai, a kwashe abin da aka fitar, kada a jibge shi a gefe ruwan farko ya mayar. A san gidajen da ke da tsofaffi, masu juna biyu da naƙasassu, a ware matasan da za su fara ƙwanƙwasa musu ƙofa. A tsayar da makaranta ko masallacin da ke kan tudu inda za a fake, kowa ya san shi. Hasashen yanayi na hukumar NiMet da ake ji a rediyo, liman ya maimaita shi bayan salla.

Mai shirin sayen fili, don Allah ka tambayi dattawan wurin ina ruwa ke bi kafin ka biya dillali. Arahar fulotin da ke cikin kwari bashi ce da damina za ta karɓa. Hukumar raya birnin Dutse da ƙaramar hukuma su ma su hana gini a kan hanyar ruwa tun ana haƙa harsashi.

Iyaye, a hana yara wanka a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Direba da ɗan acaɓa, in ruwa ya rufe kwalbati ba ka ganin bakinsa, tsaya har ya janye.