Sauya Katin Girafik: Abin Dubawa Kafin a Saya

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton da ake gani a allo. Mai shagon gem ko mai haɗa bidiyon biki a Karaye da Rogo yana buƙatar mai ƙarfi. Mai buga takardu kuwa, wanda ya zo da kwamfutar ya ishe shi.

Da farko, idan kwamfuta tana nauyi, a gano abin da ke jawo nauyin. Sau da yawa ƙarancin RAM ne, kuma ƙara shi da sa SSD ya fi sauya kati araha nesa ba kusa ba. A laftop, yawanci katin a manne yake, ba ya sauyuwa.

Wuta ce babbar magana. Ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake sayowa na hannu suna da akwatin wuta mai rauni, kuma dogon kati ba ya shiga cikinsu. GTX 1650 na Nvidia, wanda ya fito a 2019, wat 75 yake ci. RTX 3060 na 2021 yana cin wat 170, kuma kamfanin ya ba da shawarar akwatin wuta na wat 550. Inda wutar KEDCO ba ta zama, bambancin yana fitowa a kuɗin fetur ko batirin sola. Zafin bazara da ƙurar hunturu ma suna wahalar da fankar kati.

Wanda ya je Farm Centre ko titin Beirut a Kano sayen kati na hannu, ya sa a kunna masa gem mai nauyi na ɗan lokaci, ya ga ko hoton zai yage ko kwamfutar ta mutu, sannan ya biya.