Jaraba da Ɗamarar Mai Bi a Koyarwar Kiristocin Ƙasar Zuru

Jaraba, a koyarwar Kirista, ita ce duk abin da ke jan zuciyar mutum zuwa ga saɓa wa Allah, ko ta hanyar sha'awa, ko kwaɗayi, ko tsoro, ko fushi. Masu wa'azi sukan bambanta ta da gwaji. Gwaji wahala ce da ke auna ƙarfin bangaskiya, ita kuwa jaraba, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta bayyana a sura ta 1, daga muguwar sha'awar mutum take tasowa, ba daga Allah ba. Zuwan jaraba ba zunubi ba ne. Miƙa mata wuya shi ne zunubin.

A ƙasar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, wannan koyarwa ta tarar da mutanen da suka riga suka san darajar jimiri. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da al'adar golmo, inda saurayi kan shafe shekara bakwai yana noma wa surukansa tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata. Wanda ya kasa jure rana da garma, da wuya ya ɗaga kai a cikin sa'o'insa. Haka kuma yankin ya yi suna wajen ba Nijeriya sojoji. Da 'yan mishan na United Missionary Society suka kafa tasha a Zuru a tsakiyar shekarun 1920, aikin da ya zama tushen ikilisiyar UMCA a yankin, jarumtaka ba baƙuwar aba ba ce. Abin da sabuwar koyarwa ta yi shi ne mayar da fagen daga zuwa cikin zuciya.

Shiri na farko na fuskantar jaraba shi ne sanin Maganar Allah. A Matiyu sura ta 4, Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji, Iblis ya jarabce shi sau uku: da abinci, da neman nuna isa, da mulkin duniya. Kowane karo da nassi daga littafin Maimaitawar Shari'a ya amsa masa. Shi ya sa ake sa yara haddar ayoyi a makarantar Lahadi, ake kuma ɗaukar lokaci ana koyar da 'yan ajin baftisma. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932, ya sauƙaƙa wannan aiki a yankin da Hausa ce ke haɗa masu harsuna daban-daban.

Na biyu shi ne addu'a da azumi. Labarin Bitrus almajirin Yesu ne ake yawan kawowa a nan. Ya yi cika baki cewa ba zai taɓa rabuwa da Ubangijinsa ba, amma barci ya kwashe shi a Gatsemani lokacin da aka ce ya yi tsaro da addu'a, kuma kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa har sau uku. Ƙarfin halin da ba a yi masa tanadi ba, ba ya kai safe. 'Yan Katolika na Zuru, waɗanda ke ƙarƙashin Dayosis na Kontagora, suna da azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka, inda fada ke shafa wa kowa toka a goshi don tuna masa cewa shi ƙasa ne.

Na uku shi ne zumunci. Kamar yadda ɗan golmo ba ya shiga gona shi kaɗai, haka mai bi ke jingina da Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa, inda ake tambayar wanda aka daina gani a sujada.

Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 6, ta tattara wannan shiri da siffar kayan soja: gaskiya ɗamara, adalci sulke, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah kuma takobi. A garin da gidaje da yawa ke da tsohon soja, ba a buƙatar dogon bayani cewa ba ranar yaƙi ake neman makami ba.

Sai dai jarumtakar nan ba kullum tsayawa take nufi ba. Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar da ta jarabce shi, ya gudu, kuma ana lissafa gudun a matsayin nasara. Saurayin da ya sauya hanya don kauce wa gidan burkutu, darasin Yusufu ya bi. Jaraba mafi nauyi a 'yan shekarun nan ta zo ne tare da hare-haren 'yan bindiga a Danko-Wasagu da Sakaba, wato ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ko yanke ƙauna ga Allah. A nan ana koyar da cewa kare iyali daban, ramuwar gayya daban.

Wanda ya faɗi kuma ba a rufe masa ƙofa. Ɗan Katolika yakan furta zunubinsa a gaban fada, a sauran ikilisiyoyi kuwa dattawa kan ɗora wa mutum horo na wani lokaci, sannan a mai da shi cikin zumunci idan ya tuba, kamar yadda aka mai da Bitrus bayan musunsa.