Binciken Wake Na Samaru: Abin Da Ya Rage Wa Ɗan Ƙwadago Da Randar Gida

KEFFI: A kowace shekara, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba, da zarar wake ya fara fure a gonakin da ke kewayen Keffi, Garaku da Kokona a Jihar Nasarawa, sai kasuwar masu feshi ta buɗe. Galibinsu matasa ne 'yan ƙwadago, waɗanda mai gona kan biya gwargwadon yawan cikin famfon goyo da suka fesa. Ba kasafai akan ga safar hannu ko takunkumin rufe hanci a jikinsu ba, kuma tun da yake cikin famfo ake ƙirgawa, mai gaggawa shi ne mai riba.

Wannan sana'a ce binciken Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, masanin kyautata iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya taɓa kai tsaye, ko da yake ba domin masu feshi aka soma shi ba.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, inda take samar da fiye da tan miliyan 3 a shekara, Jamhuriyar Nijar na biye da ita. Duk da haka abin da ake nomawa ba ya isar masu ci, sai an shigo da ƙari daga maƙwabta. Babban abokin gabar wake a gona wata tsutsa ce da masana ke kira maruka, wadda kan shiga cikin fure da kwanson wake ta ci daga ciki, kuma a shekarar da ta yi ƙamari takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Da yake a ɓoye take cin nata, maganin da aka fesa ba ya cika samun ta, shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin ya ga kaka.

Masana sun tantance dubban nau'o'in wake da ke ajiye a Cibiyar IITA ta Ibadan, ba su sami wanda ke jure wa tsutsar ba. Daga nan aka koma ga ɗauko wani ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cutar ƙasa da aka daɗe ana amfani da ita wajen kashe tsutsotsi, aka dasa a cikin wake. Dokta T. J. Higgins na hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya ne ya yi aikin dashen, Gidauniyar AATF mai hedkwata a Nairobi ta haɗa kan masu aikin, shi kuwa Farfesa Ishiyaku ya jagoranci gwaji da haɗa iri a Samaru, inda aka fara gwajin gona a killace a 2009. Sai a 2019, bayan shekara goma, hukumomi suka amince da irin da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano cikin Yunin 2021. Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta saki irin wannan wake. Gana ta bi sahu da nata a 2024.

Irin bai kawar da feshi baki ɗaya ba. Har yanzu ana bukatar feshi biyu domin ɗarɓa, ƙananan ƙwarin fure da masu tsotsar kwanso, waɗanda sabon irin ba ya yi musu komai. Amma ga mai lissafi, saukowa daga takwas zuwa biyu ba ƙaramin abu ba ne. An rage kashi uku cikin huɗu na kuɗin magani, wanda kusan dukkan sinadarinsa daga waje ake sayowa da kuɗin musaya, an kuma rage kashi uku cikin huɗu na ranakun da ɗan ƙwadago zai yi yana tafiya cikin hazon guba.

Ranakun nan su ne abin dubawa. Yawancin gubar ta fata take shiga, musamman a lokacin haɗa magani da hannu tsirara, ko kuma idan famfon yana yoyo ya jiƙa rigar da ke bayan mai goyonsa. Shekara da shekaru malaman gona na wa'azin a sa rigar kariya, takalmin roba da tabarau. Wa'azin bai cika kamawa ba, kuma dalilin a fili yake: kayan na da tsada, sa su cikin zafin rana azaba ce, sa'an nan wanda zai saya daban, wanda zai amfana daban. Mai gona ba ya ganin ribar sayen safar hannu ga yaron da zai yi masa aikin yini ɗaya ya wuce. Sabon irin ya kauce wa wannan matsala, domin kariyar da yake ba ɗan ƙwadago ta biyo ta aljihun mai gona ne.

Akwai kuma batun ruwa, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin noma ba saboda ba a rubuta masa rasit. Feshi da famfon goyo kan ci kimanin lita 200 na ruwa a kowace hekta, wato cikin famfo mai lita 16 sau goma sha biyu ko sha uku. Feshi takwas ya kama lita 1,600, feshi biyu lita 400. Bambancin, lita 1,200, daidai yake da jarka 48 masu cin lita 25. Idan aka auna da lita 20 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini, to ruwan kwana goma ke nan ga gida mai mutum shida.

Bai kamata a kambama wannan adadi ba. Feshin wake yakan zo ne a ƙarshen damina, lokacin da rijiyoyi ke cike kuma rafuka na gudu, ba a tsakiyar bazara ba, sa'ad da magidanta a unguwannin Keffi da ruwan matatar Kogin Mada bai kai gare su ba kan dogara ga 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse. Abin da aka tsimi da gaske shi ne wahalar ɗiba, wadda sau da yawa kan faɗa kan mata da yara, da kuma tsabtar ruwan da ya rage. Jarkar da ta kai ruwa gona ita ce kan dawo gida ta cika randa. A bakin rafin da ake ɗibar ruwan sha akan wanke famfo. Robar magani da ta ƙare kuwa, in ba a huda ta ba, takan koma ma'ajiyar ruwa, manja ko gishiri. Ƙa'idar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa ita ce a ɗauraye robar sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfo, a huda ta yadda ba za ta sake riƙe komai ba. Duk feshin da aka soke ya rage yawan robobin da za a yi wannan fama a kansu.

Sai dai kariyar da ke cikin irin ba ta bin wake zuwa sito. Ƙwarin da ke huda shi a ajiye daban ne, kuma a nan ne 'yan kasuwa suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar 'yan mata a Doma ta Jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake mai guba, a shekarar ne kuma Hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya saboda sinadarin da aka fi sani da fiya-fiya: iyakarta miligiram 0.01 ne a kowane kilo, amma an sami daga 0.03 har zuwa 4.6. An tsawaita haramcin a 2016, aka sake tsawaita shi a 2019.

Maganin wannan ma daga jami'a ya fito. Tun ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da abokan aikinsa a Maruwa ta Kamaru, suka gano cewa idan aka ɗaure wake cikin leda biyu masu kauri, aka saka su a buhu na uku, ƙwarin kan shanye iskar da ke ciki su mutu ba tare da an zuba komai ba. Dabarar ta daɗe ba ta yaɗu ba saboda babu ledar da ta dace a kasuwa. Sai a 2007, da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyin shirin PICS, aka haɗa masana da masu masana'antu, ciki har da kamfanin Lela Agro na Kano, yayin da Dokta Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN a Maraɗi ya gudanar da gwaje-gwajen da suka tabbatar da ingancin buhun a hannun manoma. Akan ɗaure buhu a gaban jama'ar ƙauye da kaka, a kwance shi a gabansu bayan wata huɗu zuwa shida. Wanda ya ga wake ya fito ba huda ko ɗaya, a lokacin da farashin mudu ya ɗaga, ba ya bukatar dogon bayani.

Ba kowa ne ya yi maraba da irin Samaru ba. Ƙungiyoyi irin su HOMEF, ƙarƙashin Nnimmo Bassey, suna adawa da duk irin da aka sauya wa halitta, suna masu nuna damuwa kan lafiya, muhalli da dogaron manomi ga kamfanonin iri. Hukumar da ke kula da wannan fanni a Abuja ta ce bincikenta ya nuna irin ba shi da illa. Masanan su kansu sun yarda cewa tsutsa na iya sabawa da kariyar a hankali, shi ya sa ake aikin ƙara mata ta biyu. Ga ɗan kasuwa kuma akwai tambayar da ta fi waɗannan kusa: ƙwayar SAMPEA 20-T fara ce matsakaiciya, alhali wasu manyan kasuwannin kudu sun fi son jan wake, kuma a shekarun farko irin da kamfanoni suka samar bai kai yawan masu nema ba.

A yankin Keffi, inda masara, doya, rogo da riɗi suka fi wake faɗin ƙasa, mafi yawan abin da ɗan ƙwadago ke goyawa maganin ciyawa ne, kuma a nan babu wani sabon iri da ya rage masa nauyi. Doka ce ta shigo. A 2023 NAFDAC ta fitar da jadawalin haramta farakwat daga Janairun 2024, da atarazin daga Janairun 2025. Na farkon ba shi da makari, ɗan kurɓi kaɗan na iya lalata huhu. Na biyun yakan sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe, dalilin da ya sa Turai ta janye masa izini tun 2004. Dillalan kayan gona a Keffi da Lafiya, waɗanda manomi kan tambaya kafin ya ga malamin gona, su ne a yanzu ke faɗa masa abin da zai zuba a famfo a madadinsu.